Fuskokin da Ba Mu Zana Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai ake taɓa shi a shafukanmu ba, wato fasahar zane da ɗaukar hoto ta wannan zamani, musamman irin wadda ke duban mutanen da al'ummarsu ta ture gefe, ko dai saboda launin fatarsu, ko saboda yanayinsu da wanda zuciyarsu ke so, ko kuma saboda duka biyun. Na san magana ce mai ƙaya, kuma na san akwai mai karatun da zai so ya ninke jaridar tun daga nan. Ina roƙonsa ya daure ya bi ni zuwa ƙarshe, domin ni ma na daɗe ina juya maganar a zuciya kafin in yarda in sa ta a takarda.

Ni tsohon malamin zane ne. Na yi kusan shekara 30 ina koya wa yara riƙon fensir da buroshi a makarantun sakandare na wannan jiha tamu ta Katsina, kafin ƙarfi ya fara ja baya in koma gida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ziyarar da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini bayan ƙaramar sallar da ta wuce. Yaro ne mai hannu, yanzu yana ɗaukar hoton biki da suna, yana kuma zanen fuska idan ya sami mai so. Muka zauna a zaure, aka kawo ruwa, amma na lura hankalinsa ba a kwance yake ba. Can sai ya ciro wayarsa ya nuna mini wani hoto da ya sa a shafinsa na Facebook, da kuma ruwan zagin da ya biyo baya. Wasu sun ce ya zama ɗan koren Turawa, wasu sun ce yana tallar fasiƙanci, har da wanda ya yi masa barazanar zuwa shagonsa. Ya ce da ni, "Malam, ni fa haske da inuwar hoton ne suka burge ni. Laifi ne mutum ya koyi sana'a daga hannun wanda ba ya bin hanyarsa?"

Na karɓi wayar na sa tabarau. Hoton baƙi da fari ne. Fuska ce guda, an ƙara mata duhu har ta yi baƙi ƙirin, sai fararen idanu biyu da suka kafe mai kallo ba ƙiftawa. A kan kuwa an jera irin 'yan maƙalan katakon nan da mata ke danne shanya da su a kan igiya, sun tsaya cirko-cirko kamar kambin sarauta. Babu batsa a cikinsa ko kaɗan. Laifin hoton a wurin masu zagin shi ne sunan wanda ya ɗauke shi, Zanele Muholi, wanda wani ya bincika a intanet ya dawo ya sanar da jama'a cewa yana cikin masu neman jinsi na Afirka ta Kudu.

Muholi sun nemi a riƙa ambatonsu da lamirin jam'i, abin da ba zai yi wa Bahaushe wuya ba tunda haka muke yi wa iyaye da malamai, saboda haka zan bi wannan. An haife su a 1972 a Umlazi, unguwar baƙar fata da ke gefen birnin Durban, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata. Mahaifiyarsu, mai suna Bester, ta yi fiye da shekara 40 tana aikatau a gidan wasu Turawa, tana wanke musu tufafi da tukwane don ta ciyar da 'ya'yanta. Hoton da ɗalibina ya sa yana ɗauke da sunan wannan uwa, kuma yana cikin jerin hotunan da Muholi suka fara ɗaukar kansu tun 2012, suka raɗa musu suna da harshen Zulu, ma'anarsa jinjina ga baƙar zakanya. A wani hoton na jerin, soson ƙarfe na kankare tukunya aka ɗora a kai a maimakon maƙalan shanya. Wato kayan wahalar uwa aka kwaso daga bayan gida aka mai da su ado a kan ɗiyarta, a gaban idon duniya. Da na fahimci haka sai na ajiye wayar na yi shiru, domin abin da ya faɗo mini a rai shi ne 'yan matan nan da ake kawowa daga ƙauyuka suna aikatau a gidajenmu na birni, waɗanda ke tashi kafin kowa su kwanta bayan kowa, idan kuma aka zo hoton sallah sai a ce su matsa gefe kada su ɓata hoto.

Akwai wani aikin na Muholi da ya fi wannan daɗewa, wanda suka fara a 2006. Hotunan fuskokin baƙaƙen mata ne masu neman mata, da wasu waɗanda ba su zauna a jinsin da aka haife su da shi ba, ɗaruruwansu, kowa a tsaye da tufafinsa yana kallon kyamara kai tsaye. Dalilin aikin shi ne kisa. Kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya hana a nuna wa irin waɗannan mutane bambanci, kuma a 2006 ƙasar ta halatta auren jinsi, amma dokar takarda ba ta hana a bi matan har unguwanninsu ana yi musu fyaɗe ana kashe su ba. A 2008 aka kashe Eudy Simelane, wadda ta buga wa ƙasar ƙwallon ƙafa, a garinsu KwaThema, bayan an yi mata fyaɗe. Wasu daga cikin waɗanda Muholi suka ɗauka sun riga sun rasu, hoton ne kaɗai ya rage a matsayin shaidar cewa sun taɓa rayuwa. A 2012 ɓarayi suka fasa gidan Muholi a Cape Town suka kwashe na'urorin da aka adana aikin shekaru a cikinsu. Duk da haka aikin bai tsaya ba, har ya kai ga babban ɗakin baje kolin zane na Tate Modern a Landan a 2020.

Mu ma a Nijeriya muna da namu, ko da yake kaɗan ne suka san shi a Arewa. Rotimi Fani-Kayode an haife shi a Legas a 1955, ɗan babban gida ne, domin mahaifinsa Remi Fani-Kayode ya riƙe muƙamin mataimakin firimiyan Jihar Yamma. Juyin mulkin 1966 ne ya sa iyalin suka koma Ingila yana yaro. Ya yi karatu a Amurka, ya dawo Landan ya kama ɗaukar hoto, kuma a 1988 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Autograph don tallafa wa baƙaƙen masu ɗaukar hoto da gidajen baje kolin Ingila ba sa kulawa da su. Ya rasu a 1989 yana ɗan shekara 34. Zan faɗi gaskiya: da yawa daga hotunansa na maza ne a tuɓe, haɗe da alamomin addinin gargajiyar Yarbawa, kuma ban taɓa nuna wa ɗalibi su ba, ba kuma zan ba da shawarar a nuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai game da shi wata magana ce da ya rubuta, inda ya ce shi bare ne ta fuska uku: ta wajen wanda yake so, ta wajen rabuwa da ƙasarsa da al'adarsa, da kuma ta wajen kasa zama irin kamilin magidancin da iyayensa suka yi fata. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar da ake kallon fatarsa kafin a amsa gaisuwarsa, ko ya taɓa dawowa gida ya ga ya zama baƙo a ɗakin uwarsa, zai gane aƙalla biyu daga cikin ukun nan ba tare da an yi masa fassara ba.

A nan ya kamata in faɗi inda na tsaya, kada a yi mini fassarar da ban yi nufi ba. Ni Musulmi ne, na yi karatun allo kafin na boko, na san abin da Alƙur'ani ya ba da labari game da mutanen Annabi Luɗu, kuma ban rubuto wannan wasiƙa don in sauya hukunci ko in ja da malamai ba. Na kuma san dokar ƙasa: tun Janairun 2014 akwai dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsa, ga kuma shari'ar Musulunci da jiharmu ta ɗauka tun shekarar 2000. Amma Littafin da ya zo da wancan labari shi ne ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 70, an karrama 'yan Adam, shi ne kuma ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurati, aya ta 12. Hukunci yana da alƙali, yana da shaidu, yana da sharuɗɗan da aka tsananta da gangan domin kada a zubar da mutuncin mutum a kan zato. Taron matasa da sanduna da kyamarar waya, suna dukan wani suna watsa bidiyonsa don kawai tafiyarsa ko muryarsa ba ta yi musu ba, ba ya cikin waɗannan sharuɗɗa. Kallon fuskar mutum a hoto da yarda cewa ɗan Adam ne mai uwa da uba ba sa hannu ba ne a kan duk abin da yake aikatawa. Muna sayen magani daga hannun wanda ba ya salla, muna hawa jirgin da wanda bai yarda da Allah ba ya ƙera, ba mu taɓa cewa imaninmu ya raunana ba. To me zai sa koyon haske da inuwa ya zama ridda?

Sai batun launin fata, wanda muke yawan ɗauka matsalar Amurka ce da Afirka ta Kudu, mu ba ruwanmu. Kehinde Wiley, mai zane Ba'amurke wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, shi ne ya zana hoton Barack Obama da aka buɗe a Washington a 2018, amma tun kafin nan an san shi da tsayar da samarin baƙar fata a kan titi ya roƙe su su zo ya zana su. Yakan ɗauki tsohon zanen wani sarkin Turai a kan doki, ya sauke sarkin, ya ɗora saurayin da tufafinsa na yau da kullum. A 2005 ya yi haka da sanannen zanen Napoleon na Faransa yana ƙetare duwatsu a kan doki. Bakatsine ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da hawa doki ke nufi. Duk shekara idan aka yi hawan salla, ɗaruruwan kyamarori ke taruwa a Ƙofar Soro, kuma kusan dukkansu sama suke kallo, wajen rawani da alkyabba da kayan doki. Ban cika ganin wanda ya sunkuyar da kyamararsa ya ɗauki zagin da ke tafe a ƙasa cikin ƙura ba, ko yaron bargar da ya kwana yana wanke dokin, alhali ba don su ba da hawan bai yi kyau ba.

Abin ma ya fi haka kusa da mu. Ɗalibin nan nawa ya gaya mini cewa da wuya ya ɗauki hoton amarya ba a ce masa, "Don Allah a ƙara mini haske" ba, kuma idan ya miƙa hoton da ainihin launinta sai a ce bai iya aiki ba. Ga shi Muholi suna zaune a gaban kwamfuta suna ƙara wa fatarsu duhu da gangan, mu kuma muna nan muna biyan kuɗi a goge tamu. Mu ne muka yi kirarin farar mace alkyabbar mata, mu ne kuma muke mamakin yadda man bilicin ya cika kasuwanninmu yana ƙona fuskokin 'ya'yanmu. Alƙur'ani ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah a Suratur Rum, aya ta 22, amma mu mun jera launukan nan hawa-hawa kamar matakalar bene. Kuma a ƙarƙashin maganar launi akwai wadda ta fi ta zurfi, wadda ba a faɗa sai an zo binciken aure, lokacin da wata tsohuwa za ta rage murya ta ce a gidan su yaron akwai bauta, ko kuwa su mahauta ne, ko wanzamai, ko maroƙa. Wannan ma wariya ce, ko da ba a rubuta ta a allon ƙofar gidan abinci kamar yadda aka yi a Johannesburg ba. Ina mai zanen da ya taɓa ta?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai. Duk wanda ya girma a garuruwan Hausa kafin shekarar 2000 ya san 'yan daudu, ko da zai yi kamar bai sani ba. Suna tashar mota da bakin kasuwa suna sayar da tuwo da soyayyar kaza, ana kiransu girkin biki, wasunsu suna zaune a gidajen mata masu zaman kansu, wasu suna da alaƙa da bori, kuma an san su da iya habaici da karin magana har mutane kan tsaya don kawai su ji zancensu. Ba dukansu ne abin da ake zarginsu da shi ba, da yawa suna da mata da 'ya'ya. Lokacin bikin yayata, ina ɗan shekara 12 ko 13, wani daga cikinsu aka ɗauko ya yi girki. Ba zan ambaci sunansa ba. Na tuna ya iso tun kafin kiran assalatu da yaransa biyu, ya ɗaura zane a kan wandonsa, ya kafa murhu uku a bayan gida, ya sa aka jera manyan tukwane. Idan zai ɗanɗana miya sai ya ɗiga ta a tafin hannu ya lasa, ya rufe ido, sa'an nan ya ce a miƙo masa daddawa. Ya ga ina raɓe-raɓe a wurin, sai ya tsamo tsoka guda ya hura ta ya miƙo mini, ya ce, "Karɓi, ɗan ƙanena, mai tsaron tukunya ba ya kwana da yunwa." Da aka gama rabon abinci, ƙanzon da sauran miyar bai bari an zubar ba, ya kira almajiran unguwa ya jera su ya zuba wa kowa da hannunsa.

Mutumin nan shi ke riƙe da tsohuwarsa da 'ya'yan ƙanensa da ya rasu. Mata sun yi ta dariyar zancensa ranar bikin, maza sun ci tuwonsa sun yi santi, amma da ya rasu bayan wasu shekaru, waɗanda suka raka gawarsa ba su cika sahu biyu ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana cikinsu, kuma da wani maƙwabci ya yi masa magana sai ya ce, "Ya yi kalmar shahada, na kuma ci abincinsa. Sauran tsakaninsa da Ubangijinsa ne." Yau babu hoton mutumin nan ko guda. Na bincika hotunan bikin da suka rage a gidanmu, akwai amarya, akwai ƙawaye, akwai motar da aka ɗauke ta, har da akwatunan lefe, amma wanda ya ciyar da taron duka babu shi. Bayan zuwan shari'a da yawa daga cikin irinsa sun watse, wasu sun bar sana'ar, wasu sun bar gari. Littafin da aka fi sani a kan rayuwarsu da harshensu wani Ba'amurke ne mai suna Rudolf Gaudio ya wallafa shi a 2009, da Turanci, bayan ya yi bincike a Kano. Jikokinmu idan suna son sanin wani yanki na tarihin garuruwansu, sai sun je sun tambayi baƙo.

Ni kaina ina da laifi a cikin wannan. Akwai shekarar da wani ɗalibina ya zana wani mai sayar da abinci a tasha don baje kolin ƙarshen zango. Zane ne mai kyau ƙwarai: mutumin yana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ludayi a hannu, kansa a ɗan karkace, kuma duk wanda ya kalli yadda ya riƙe ludayin ya san ko wane ne. Ana saura sa'a guda baƙi su iso, sai aka aiko daga ofis cewa a sauke shi, wai zai jawo wa makaranta magana. Na sauke shi da hannuna ban ce uffan ba, yaron yana tsaye yana kallona. Ban ƙara ganin ya zana mutum ba har ya gama makaranta, sai itatuwa da tukwane. Zanen yana nan a naɗe a cikin akwatina har yau, kuma duk lokacin da na buɗe shi nakan ji nauyin shirun da na yi.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da ya fito daga gidajen baje kolin Turai abin koyi ne. Akwai abin da ke damuna a can ma. Kasuwar zane ta duniya tana da irin labarin da take son ji daga Afirka, kuma yaro mai wayo zai iya gane cewa idan ya liƙa wa aikinsa wasu kalmomi na Turanci zai fi saurin samun tallafi da gayyata. Daga nan sai a fara zane don idon alƙalan waje, a ɗauko sunaye da rabe-raben da aka ƙirƙira a New York a ɗora wa mutanen da ba su taɓa kiran kansu da su ba. Mai girkin bikin yayata bai san waɗannan kalmomi ba, kuma ina zaton da an karanta masa su da ya yi musu habaicin da zai sa a yi dariya. Akwai kuma haɗari na zahiri: hoton da zai jawo wa mai ɗaukarsa lambar yabo a Landan zai iya jawo wa wanda aka ɗauka duka ko kora a unguwarsu. Muholi suna ɗaukar mutanen da suka sani, da yardarsu, kuma suna kiransu abokan aiki. Wanda zai ɗauki hoton mai rauni a ɓoye ya sayar, ba shi da bambanci da mai watsa bidiyon tonon asiri, sai dai shi nasa an sa masa firam.

Hanyar da nake ganin ta dace an riga an share ta a nan Arewa. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ƙi yarda su zama masu kwaikwayon malamansu Turawa kawai, ba su kuma watsar da dabarun da aka koya musu ba. Kowa ya koma ya tono abin gidansu ya haɗa da sabon ilimi. Abin takaici shi ne a Zariya aka yi wannan yunƙuri, amma 'ya'yan Hausawa ba su ne suka fi cin moriyarsa ba, alhali muna da abin tonowa: zanen bangon soraye, aikin allura na aska takwas a kan babbar riga, zayyanar allo, sassaƙar ƙwarya, aikin fata da rini. Na san kuma akwai maganar hukuncin zana mai rai, wadda ita ce ta karkatar da hannunmu zuwa ga zayyana tun asali, kuma malamai sun yi bayani mai yawa a kanta, musamman kan bambancin gunki da hoton kyamara. Ba ni da ilimin yanke hukunci a nan. Abin da na gani da idona shi ne babu gidan da babu hoto a yau, fastocin 'yan siyasa sun rufe bangon gari, fuskar Ladi Kwali mai ginin tukwane tana kan takardar naira 20 a aljihun kowa. Tunda dai muna ɗaukar hoto, tambayar da ta rage ita ce wa muke ɗauka, wa kuma muke cewa ya matsa gefe.

Ina da roƙo guda biyu. Na farko ga wannan jarida: a ware ko da rabin shafi ne a wata don zane da hoto, inda wanda ya san abin zai yi bayanin aiki da Hausa, ya faɗi abin da ke da kyau da abin da bai dace da mu ba, domin matasanmu suna ganin waɗannan ayyuka a wayoyinsu ko mun so ko mun ƙi, kuma a yanzu babu mai yi musu jagora sai masu zagi da masu yabon makauniyar soyayya. Na biyu ga masu kula da gidan tarihi na Katsina, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Gini ne da ke adana abin da magabata suka bari, kuma hakan daidai ne, amma ina roƙon a ba masu zane da masu hoto da ke raye ɗaki guda, ko da sau ɗaya ne a shekara, su rataya fuskokin mutanen garin nan na yau.

Kafin ɗalibina ya tafi ran nan, na shiga ciki na ɗauko masa naɗaɗɗen zanen nan na mai abincin tasha, muka shimfiɗa shi a kan tabarma muka danne kusurwoyinsa da kofuna. Ya daɗe yana kallonsa. Mun yi shawara zai fara zagaya kasuwa da tasha da unguwannin bayan ganuwa, ya ɗauki masu dako da 'yan ga-ruwa da mahauta da 'yan aikatau da zabiya da masu tuwo, kowane iri ne, bisa sharaɗi biyu: ba zai ɗauki kowa ba sai ya zauna da shi ya gaya masa inda hoton zai je ya kuma amince, kuma ba zai ƙara wa kowa haske ba. Ya ce zai kawo mini na farko in gani kafin babbar salla. Idan Allah Ya kai mu, kuma Edita ya ba da dama, zan aiko da wasu daga ciki tare da izinin masu su.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin zane,
Birnin Katsina.